Sifiri Don Ta Karanta Littafin

Wai an ba ɗaliba sifiri don ta rubuta cewa babban mai laifi a littafin Jiki Magayi Malam Shehu ne, ba Abubakar ba. Har da masu jinjina wa malamin, wai yarinya ta kauce wa jigo. To, madalla da jigo!

Mun san jigon nan ai. Yana cikin 'yar takardar da malam ke bugawa ya sayar wa 'yan aji dole, wadda aka kwafo daga ta malaminsa har da kurakuran rubutu: ramuwar gayya ba kyau, a yi haƙuri. Ka haddace ka amayar, ka ci jarrabawa ko da ba ka taɓa buɗe littafin ba. Laifin yarinyar nan ɗaya ne, ta buɗe.

Da ta buɗe me ta gani? Attajiri Malam Shehu yana neman haihuwa, ya sa dukiya ya raba saurayi Abubakar da Zainab, budurwarsa, ya aure ta. Saurayin ya shiga duniya neman asiri, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan attajirin, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zama ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Wa ya kunna wutar? Marubutan littafin, John Tafida da Bature Rupert East, ba su ɓoye ba tun shekarun 1930. Mu ne muka ɓoye, domin a wurinmu mai kuɗi ba ya laifi, sai dai ƙaddara ta afka masa.

Za a ce tausaya wa Abubakar koya wa yara ramuwa ne. Wannan ko amsa bai cancanta ba.

Kuma su wa ke wannan magana? Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna zagin littattafan soyayya da sunan Adabin Kasuwar Kano, suka yi guɗa da aka cinna wa littattafan wuta a Kano a 2007. Ado Gidan Dabino ya rubuta yadda kuɗi ke shiga tsakanin masoya a In Da So Da Ƙauna, suka ce ɓata tarbiyya. Magana iri ɗaya da hannun Bature a ciki kuwa, ta zama adabin iyaye da kakanni.

A mayar wa yarinya makinta. Malamin kuma a ba shi aron littafin, ya karanta kafin zango mai zuwa.