Ra'ayinmu: A bar wa tankin mai hanyar numfashi

A tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, motocin a-kori-kura ne ke shiga ƙauyuka suna kwaso albasa da hatsi zuwa kasuwa. Saboda nisan gidajen mai, wasu direbobi kan sa mai walda ya ƙara musu tanki na biyu. Dabara ce mai kyau, amma sau da yawa ana manta da bututun iska.

Fetur na tururi, musamman a zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Idan tanki ya toshe ruf, tururin kan kumbura shi ya ɓarke wurin walda. Idan kuma injin na jan mai iska ba ta shiga, sai mota ta mutu a daji. Toshe bakin tanki da tsumma ko leda kuwa gayyatar gobara ce.

Gyaran ba shi da tsada: a ɗaga bututun sama, nesa da salansa, a sa masa bawul mai rufewa idan mota ta kife.

Muna kira ga ƙungiyar NURTW da hukumar FRSC su riƙa duba wannan a tashoshi. Rigakafi ya fi magani.