Ina ruwan Mainika da ambaliyar Haɗeja?

 

A wannan makon zan fara da wata hira da muka yi da abokin zamana a ɗakin kwanan jami'a, wanda ɗan wani ƙauye ne a yankin Ringim ta Jihar Jigawa. Wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai na shiga ba shi labarin daminar 2022, lokacin ina sakandare kamar ku. Na ce masa a gonarmu ta Mainika ruwa ya wadata a shekarar, masara da dawa sun yi kyau, har sai da muka ƙara rumbu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce da ni: "Ai ruwan naku ne ya cinye mana shinkafa." Na yi dariya, don na zaci tsokana ce. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce a shekarar nan ko buhu ɗaya ba su ɗauka a fadama ba, kuma sai da suka yi makonni suna kwana a ajin firamare shi da ƙannensa.

Washegari na nemi taswira na bi rafukanmu da yatsa. Ashe maganarsa tana kan hanya.

Hanyar da ruwanmu yake bi

Yankinmu na Gwarzo da Kabo da Ƙaraye yana kan tudu ne idan aka kwatanta shi da gabashin Kano da Jigawa. Mafi yawan rafukanmu, har da waɗanda aka datse aka yi dam ɗin Guzuguzu da na Magaga, suna gangarawa ne cikin Kogin Challawa. Shi ne kogin da aka yi wa babbar madatsa a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, aka kammala ta a 1992. A wajen Tamburawa, Kogin Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano, wanda shi kuma yake fitowa daga dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da suka haɗu sai su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil, ya shiga Jigawa ta wajen Ringim, ya wuce Haɗeja. A can gaba ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, su zarce Tafkin Chadi.

A Jigawa ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya samun gangaren da zai yi sauri ya wuce. Ga kuma ciyawar kachalla da yashi sun toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin Haɗeja. Saboda haka ruwan da ya bar mu a guje, da ya isa can sai ya rage gudu, ya taru, ya haura gaɓa, ya bazu cikin gonaki da gidaje.

Wataƙila wani zai ce, ruwan kwana ɗaya nawa yake da har zai yi wannan ɓarna? To, ku ɗauko biro. Idan aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. A ce rufin gidanku mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi, aka kuma yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya. Ruwan da ya sauka a kan wannan rufi kaɗai lita 5,000 ne, wato jarka 200 mai cin lita 25. A gona mai hekta ɗaya kuwa, lita 500,000 ne. Yanzu ku tuna yawan gonakin da ke tsakanin Getso da Kabo. A farkon damina ƙasa tana da ƙishirwa, takan shanye kaso mai yawa. Amma zuwa watan Agusta ta riga ta ƙoshi, abin da ya sauka sai ya kama hanyar rafi.

Tazarar da ke ceton rai

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan bincike shi ne, ruwan kogi ba ya isa ko'ina a lokaci guda. Tafiya yake yi kamar matafiyi. Mu ƙaddara cewa ruwan yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya. A awa ɗaya zai ci kilomita 3.6, a yini da kwana kuma kimanin kilomita 86. Ke nan garin da ke nisan kilomita 170 a ƙasa yana da kusan kwana biyu kafin ruwan ya same shi. Wannan misali ne kawai, domin gudun kogi yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Amma a kan wannan tazara aka gina ilimin hasashen ambaliya. Idan wanda ke sama ya auna ya faɗa, wanda ke ƙasa zai sami lokacin shiri.

Masu wannan aiki suna tattara abubuwa ne guda uku. Na farko, yawan ruwan da ya sauka da wanda ake sa ran zai sauka, ta hanyar ma'aunan ruwan sama da hotunan tauraron ɗan'adam. Na biyu, tsayin ruwa a cikin kogi. Idan kun taɓa lura da wani dogon ƙarfe ko allo mai lambobi kamar rula a jikin ƙafar gada, to ma'aunin kogi ne. Akwai mai karanta shi kullum, wasu kuma na'ura ce ke aika adadin da kanta. Na uku, halin da ƙasa da madatsun ruwa suke ciki: shin ƙasa ta ƙoshi, kuma saura nawa dam ya cika ya fara amayarwa ta mafitarsa? Duk waɗannan ake zubawa a kwamfuta, a kwatanta su da bayanan shekarun baya, sai a ce idan ruwa ya kai kaza a gadar gari kaza, to bayan kwana kaza zai haura gaɓa a gari kaza.

A Najeriya, Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ita ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tare da hasashen kwanaki da ake karantawa a rediyo. Hukumar NIHSA, mai lura da koguna, takan fitar da rahoton hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, inda take jera ƙananan hukumomin da ke cikin babban haɗari da masu matsakaicin haɗari. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da Tiga da Challawa. Hukumar Bayar da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi su ke da alhakin faɗakarwa da kai ɗauki.

Kogi bai san iyakar ƙasa ba

Abin da ke tsakanin Mainika da Ringim shi ne ke tsakanin ƙasashe. Kogin Kwara yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Ruwan da aka yi a Gini yakan ɗauki watanni a hanya, shi ya sa mutanen Yamai suke ganin kogi ya sake cika a cikin hunturu, wajen Disamba da Janairu, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi a garin. Ƙasashe tara da ke cin moriyar kogin suna da hukuma ta haɗin gwiwa mai hedikwata a Yamai, inda ake musayar bayanan ma'aunai. A birnin ne kuma cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 domin nazarin yanayi da ruwa da noma a yankin Sahel.

Haka Kogin Binuwai yake fitowa daga Kamaru, inda dam ɗin Lagdo yake. Idan za a saki ruwa daga can, sanarwar da Kamaru za ta aiko ita ce za ta ba mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai damar tashi, kafin ruwan ya isa Lakwaja inda kogunan biyu suke haɗuwa. A ambaliyar 2012 hukumomi sun ce mutum 363 ne suka rasu, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Inda hasashe yake da iyaka

Nakan ji wasu suna cewa hasashe shiga gaibu ne. Sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Mai hasashe yana auna abin da ke gabansa ne, kamar yadda kakanninmu ke duban hadarin gabas su ce a kwashe shanya. Wani lokaci hadarin ya watse, amma ba wanda ya taɓa yin nadamar kwashe shanyarsa. Haka idan aka ce garinku yana cikin haɗari, damina ta wuce ba abin da ya faru, sai a gode wa Allah, kada a ce baɗi ba za a saurara ba.

Sannan hasashen kogi ya fi amfani ga manyan koguna masu doguwar tafiya. Mu da ke kan tudu matsalarmu daban ce. Rafi ko kwazazzabon da kuka tsallaka da safe a bushe yana iya cika cikin ƙasa da awa ɗaya, ko da a garinku yayyafi kawai aka yi, saboda an yi ruwa mai ƙarfi a sama da ku. A nan babu kwana biyun shiri. Abin da zai taimake mu shi ne hasashen ruwan sama na kullum da kuma idonmu. Akwai kuma ɓallewar madatsa, kamar yadda ta faru a Bagauda a 1988, da dam ɗin Alau da ya mamaye Maiduguri a watan Satumbar 2024. Maganin wannan shi ne duba lafiyar madatsun da gyara su a kan lokaci.

Babbar matsalar dai ita ce isar saƙo. Na tambayi abokin nan nawa ko sun sami gargaɗi a 2022. Ya ce daga baya ya ji cewa an ambaci ƙaramar hukumarsu a cikin rahoto tun kafin damina, amma mahaifinsa bai taɓa jin labarin ba. Ya ce da sun sani ko da kwana biyu ne, da sun kwashe hatsin da ke rumbu, sun kora awaki kan tudu, da takardar shaidar kammala firamarensa ba ta jiƙe ta lalace ba. Rahoton da aka rubuta da Turanci aka ƙaddamar a Abuja, idan bai isa kunnen manomi da Hausa ba, to bai gama aikinsa ba.

Aikin da ke gabanku

A nan ne kuke da rawar takawa, domin a gidaje da yawa ku ne kuke iya karanta saƙon Turanci da ya shigo waya. Idan kun ji an ambaci ƙaramar hukumarku a rediyo ko kun gani a jarida, ku sanar da Baba da Inna, ku gaya wa malaminku, a kai maganar ga mai unguwa da liman domin a yi shela. Amma ku tabbatar daga hukuma saƙon ya fito. Kada ku yaɗa jita-jitar cewa dam ya ɓalle don kawai kun gani a WhatsApp, domin tsoro ma yana kisa. Idan kuna da 'yan uwa a Wudil ko Ringim ko Haɗeja, aka kwana biyu ana sheƙa ruwa a nan, ku buga musu waya. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon mu ne muke fara ganin hayaƙin.

A gida kuma, ku taimaka a yashe kwata da magudanar ruwa, a daina zuba shara a ciki. Ku riƙa duba gindin katangar ƙasa bayan an yi ruwa. Idan ta jiƙe sosai ko ta tsage, kada kowa ya kwana kusa da ita. Ku sa takardun makaranta a leda ku ajiye su a sama. Kuma don Allah, idan kun taras da rafi ya kawo a hanyar makaranta, ku jira ya janye. Ruwan da bai kai gwiwa ba, idan yana gudu, yana iya kayar da babban mutum. Gara a yi muku faɗan makara da a yi zaman makokinku.

Ga masu sha'awar gwaji, kuna iya haɗa ma'aunin ruwan sama a makaranta. Ku sami gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, ku yanke samanta, ku kifa shi a ciki kamar mazurari. Ku zuba 'yan tsakuwa a ƙasa don kada iska ta kayar da ita, ku zuba ruwa ya rufe tsakuwar, ku ja layi a nan a matsayin sifili, sannan ku manna rula daga layin zuwa sama. Ku ajiye ta a fili, nesa da bishiya da indararo. Kowace safiya a lokaci guda ku karanta, ku rubuta a littafi tare da kwanan wata, ku mayar da ruwan kan layin sifili. Zuwa ƙarshen damina za ku ga watan da ya fi ruwa da idonku. Masanan da ke aiki a NiMet da NIHSA daga irin wannan suka fara, da darasin Lissafi da Jogirafi da kuke yi yanzu.

Kafin mu rabu ga tambayar mako. Rufin wani aji yana da tsawon mita 9 da faɗin mita 7. An yi ruwa milimita 40 da daddare. Lita nawa ta sauka a kan rufin? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku, zan kawo sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.