Kaki, seramik ko leda: me ya dace da fentin motarka?

Batun da za mu tattauna a wannan mako wani aminina ne ya jawo shi, wani ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a Maraɗi, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada abokan wasansa su samu abin yi. Bara da kaka ya sayi mota baƙa wuluk, ta hannu ce, amma fentinta na asali ne, babu ko ƙwarzane. Kafin ya kawo ta gida sai da ya tsaya Yamai aka shafa mata maganin nan da ake yayi, wanda ake kira seramik, ya biya kuɗin da suka kusa albashin malamin makaranta na wata guda. Masu aikin suka ce masa daga ranar ko ƙusa ba za ta kama ta ba. Hunturu bai fita ba sai ga jikin motar, idan rana ta haska ta, ya cika da ƴan siraran zane masu kewaye kamar saƙar gizo.

Na sauka gidansa a watan Maris, tun kafin in sha ruwa ya ja ni gindin motar. "Malam, dubi yadda mutanen nan suka cuce ni," in ji shi. Ban ce kome ba. Washegari bayan sallar asuba muna dawowa daga masallaci sai na tarar da yaron gidan ya duƙufa a kanta da tsohuwar singileti busasshiya, yana murza ƙurar da ta kwana. Na tambaye shi ko tun yaushe yake wannan aiki. Ya ce, "Kullum safiya, Malam, wani lokaci har da marece. Maigida ba ya son ya ga ƙura a kanta."

Kada a ɗauki zancen nan na masu son ƙawa kaɗai. Tun da aka karya darajar sefa a 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata da matsakaitan ƴan kasuwa, aka koma ga na hannu da ke zuwa daga Turai da Amurka. Ga mutum irin wannan, mota ajiya ce kamar fili ko saniya: ranar da aure ko rashin lafiya ko karayar jari ta taso, ita ake fitarwa. To, mai saye kafin ya buɗe inji jiki yake dubawa, idan kuwa ya gane an sake fenti, nan take zai ɗauka haɗari ta yi, ko da rana ce kawai ta cinye na farkon. Duk rantsuwar da mai ita zai yi, sai an rage masa kuɗi. Saboda haka fentin asali dukiya ne, kuma sau ɗaya ake samun sa.

Bari mu ga yadda fentin yake. Dattawan da suka tuƙa Peugeot 404 da 504 sun san irin na da: launi ne kai tsaye, idan ya kwana biyu sai ya yi gari-gari, a murza shi da man gogewa, tsumma ya ɗauki launi, mota ta dawo tana walƙiya. Daga shekarun 1980 masana'antu suka koma ga wani tsari. Ana fara tsoma ƙarfen cikin maganin tsatsa, a fesa shimfiɗa, a fesa launi, sa'an nan a rufe da wata fata garai-garai wadda masu garaji ke kira berni. Kaurin dukansu a haɗe yakan kama daga mikron 100 zuwa 150, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato kusan kaurin takardar da ake buga wasiƙa a ofis. Bernin shi kaɗai bai cika wuce mikron 40 zuwa 50 ba, bai kai silin gashin kai ba. Shi ne ke ba da walƙiya, cikinsa kuma aka zuba sinadarin da ke tare zafin hasken rana kada ya kai ga launi. Ranar da ya ƙare sai ka ga rufin mota da murfin inji sun yi fari-fari suna saɓulewa kamar fatar maciji, kuma daga nan babu abin shafawar da zai maido shi. Duk abin da ake sayarwa da sunan kariya, wannan ƴar fata ce ake nufin a kare.

Rana ce abokiyar gabarta ta farko. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa daga Yamai har Damagaram, jikin baƙar motar da aka bari a fili yana iya kai digiri 70, har ya wuce. Sai ƙura. Hazon hunturu, wanda galibinsa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, gari ne mai laushi, amma ba shi kaɗai yake sauka ba. Yana gauraye da rairayin unguwa. Ƙwayar rairayi kuwa ta fi gilashi tauri, ta fi bakin wuƙa: a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ita tana hawa na 7, gilashi bai kai 6 ba. Wanda ya taɓa ganin gilashin gaban motocin da ke zirga-zirga tsakanin Tawa da Agadas, yadda iska da rairayi suka dusashe shi, ya san abin da nake faɗi. Abin da ya ci gilashi, ina ga fenti? Duk sa'ad da aka ɗora busasshen tsumma kan ƙura aka murza, an yi wa mota aikin da kafinta ke yi wa katako da takardar yashi. Akwai kuma kashin tsuntsaye da na jemagu, da ƙaron itatuwa, ga masu neman inuwa ƙarƙashin dogon yaro da mangwaro a harabar ma'aikatu. Kashin tsuntsu yana da tsami, idan rana ta gasa shi a kan berni yini ɗaya ma yana iya barin tabo. Na ƙarshe su ne tsakuwoyin da manyan motoci ke watsowa a hanya.

Cikin abubuwan shafawa, kaki ne tsohon hannu. Mai kyansa ana samun sa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ake kira karnoba, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil. Tsantsarsa ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80, amma ba a iya shafa shi tsantsa, sai an sassauta shi da mai, kuma wannan haɗin bai da irin wancan juriya. A ƙasashen sanyi yakan yi wata ɗaya zuwa biyu. A nan, ga motar da ke yini a rana, ni ban ga ya cika wata guda da bazara ba. Yana da araha, mutum na iya shafa shi da hannunsa ranar Lahadi, kuma babu abin da ya kai shi fito da zurfin launi.

Akwai ƙanensa na masana'anta, ruwa ne da aka harhaɗa daga sinadarai, ana shafa shi kamar kaki amma ya fi shi kama jiki, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ba a yi masa talla sosai, alhali shi ne ya fi dacewa da aljihun yawancinmu. Sau biyu ko uku a shekara ya wadatar: kafin hunturu, kafin bazara, da kuma bayan damina.

Seramik shi ne ya kamata mu daɗe a kansa, tun da a nan kuɗi ke zuba, a nan kuma ƙarya ta fi yawa. Ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, idan ya bushe sai ya zama wata siririyar fata mai tauri da ta manne da berni. Amfaninsa gaskiya ne: ruwa na gangarewa, datti ba ya kama jiki sosai, wanki na sauƙi, yana jure sabulu da zafi fiye da kaki nesa ba kusa ba, mai kyau kuma yakan yi shekara biyu ko fiye. Sai dai kaurinsa mikron 1 ne zuwa 2. Lambar nan 9H da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwalinsa, wadda masu talla ke nunawa kamar sun kawo lu'ulu'u, ma'aunin taurin fensir ce: ana nufin bakin fensir mafi tauri bai zana shi ba a wurin gwaji. Tsakanin bakin fensir da ƙwayar rairayi akwai tafiya mai nisa. Wannan shi ne abin da ya sami aminina. Maganin da aka shafa masa mai yiwuwa na ƙwarai ne. Laifin masu aikin shi ne alkawarin da suka yi masa na abin da maganin ba ya iyawa.

Kuma rabin kuɗin seramik na aikin da ake yi kafin a shafa shi ne. Sai an wanke, an cire kwalta da ƙaro, an goge tsofaffin zane da inji, an share maiƙo, sa'an nan a shafa gaɓa-gaɓa cikin rufaffen ɗaki, a bar mota aƙalla kwana guda ruwa bai taɓa ta ba. Duk ƙurar da ta faɗa kafin ya bushe ta zama ƴar gida. Wanda ya ce zai yi maka shi bakin hanya, ƙarƙashin rumfar kwano, cikin awa biyu, a tsakiyar hazo, ka yi masa godiya ka wuce. Haka nan ƴan kwalaben fesawa da ke ɗauke da sunan seramik a shagunan kayan mota: suna da amfaninsu, amma na watanni ne, kada a biya su da kuɗin na shekaru. A lura kuma da injin gogewa. Kowane zagaye da ya yi wani abu yake ragewa daga bernin, kuma abin da ya tafi ba ya tsirowa. Yaron da ke danna injin har fenti ya yi zafi yana nuna maka walƙiyar yau da bernin shekaru masu zuwa.

Abu ɗaya tak ke tare tsakuwa, shi ne leda garai-garai da ake mannawa. Asalinta aikin soja ne: a shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, kamfanin 3M ya yi wa sojojin Amurka irinta domin kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga rairayi da tarkace. Ta yau kaurinta mikron 150 zuwa 200 ne, wato ta fi fentin kansa kauri, kuma mai kyau ƙananan zane kan shafe da kansu idan rana ta ɗumama ta. Tsadarta ba ta wasa ba ce, kuma ba kowane hannu ya iya manna ta ba. Ɗan kasuwar da ke bin babbar hanya daga Yamai ta Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram, kusan kilomita 900, yana bin bayan manyan motoci, ba sai ya rufe mota duka ba; gaba, da bakin murfin inji, da bayan madubai sun isa. A guji mai arahar da aka yi da roba irin ta shimfiɗar ɗaki, domin ranarmu kan mai da ita rawaya ta tsattsage, cire ta kuma ya zama wani aikin. Araha dai ba ta ado.

Wani abin da ake mantawa: motocin hannu da yawa an taɓa sake wa wata ƙofa ko wani gefe fenti kafin su iso mu. Ledar da aka manna kan irin wannan gefe tana iya tasowa da fentin ranar da aka zo cire ta. Ƙwararren mai aiki yana da ɗan ma'aunin kaurin fenti, kuma zai zagaya mota da shi kafin ya faɗi kuɗi. Wanda kuma ya fito daga garaji da sabon fenti, ya haƙura wata ɗaya zuwa uku kafin ya rufe shi da kowane irin magani, domin fentin na buƙatar ya gama fitar da ruwansa.

Idan ma'aikaci ya tambaye ni, wanda motarsa ke yini a ƙofar ofis daga safe zuwa la'asar, sai in ce ya fara da rumfa, ko ta zana ce, a gida da wurin aiki in da hali. Rigar mota tana taimakawa, amma a kan mota mai tsabta. Idan aka lulluɓa ta kan ƙura iska na kaɗa ta, ita ma tsumma ce babba. Sa'an nan ya hana busasshen shafa, ko da mota za ta yini da ƙurarta. A fara kwarara ruwa ya tafi da rairayi kafin hannu ya taɓa, a yi bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tawul, a fara daga sama a gama da ƙasa, cikin inuwa, a tsane kafin ruwan ya bushe, domin ruwan rijiya da na fanfo kan bar farin tabo ko a kan seramik. A bar Omo ga masu wankin tufafi, yana wanke kaki tas a zama ɗaya. Na san ruwa kuɗi ne a unguwannin da sai ɗan garuwa ya kawo, amma wanki mai kyau sau ɗaya a mako bai kai cin ruwan rabin wanki na kullum ba. Bayan haka ne zancen abin shafawa ke da ma'ana, kuma mai neman sabuwar mota ya tuna cewa fara da ruwan toka sun fi baƙa jure wannan ƙasa.

Aminina dai ya so ya koma Yamai a sake goge motar a sake shafawa. Na ce masa ya dakata: zanen bai yi zurfi ba, farce ba ya maƙalewa a ciki, kuma gogewa ta biyu cikin shekara guda asarar berni ce. Ya sa aka kafa rumfa a tsakar gida, ya sayo tawul shida masu laushi da bokiti biyu, ya kuma gaya wa yaron cewa daga yanzu ranar Juma'a da safe kawai zai taɓa motar. Singiletin nan kuwa an mai da ita wurin tayoyi.