Ra'ayinmu: Wayar Salula Ma Rumbu Ce, Tana Cika

Kamar yadda kowa ya sani, iyaye da dama a Madawa, Buza da Keita sun tsame daga ribar albasa ko ta tabarma sun saya wa 'ya'yansu wayar salula domin karatu. A ciki yaro ke tara darussan BEPC ko BAC, ya rubuta bayanin malami, ya sa alama a shafin da ya tsaya. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, wayar ma rumbu ce, kuma tana cika.

Idan hotuna da bidiyon biki suka cinye wuri, manhajar karatu kan rasa inda za ta sa sabon rubutu. Yaro ya ɗauka ya ajiye, washegari ya duba babu. Wani kuma don neman wuri sai ya goge manhajar, ko mai gyara ya wanke wayar baki ɗaya. Shi ke nan wahalar wata da watanni ta bi ruwa, ga jarrabawa ta ƙarato.

Masu cewa ai akwai ajiya a intanet su sani ita ma da iyakarta. Giga 15 kamfanin Google ke bayarwa kyauta, kuma tun 2024 ajiyar saƙonnin WhatsApp na wayoyin Android ta shiga cikin wannan lissafi. Da zarar ta cika, sabuwar ajiya ta tsaya.

Wannan bai tsaya ga 'yan makaranta ba. Duk 'yar kasuwar da ta bar lissafin bashinta cikin saƙon murya kaɗai, ranar da wayar ta lalace da wace shaida za ta bi kuɗinta?

Don haka muna kira ga iyaye su tabbatar yaro na kwafe muhimmin darasi cikin littafi, kamar yadda ɗan kasuwa ke riƙe da littafin bashi. A riƙa share bidiyon da ba shi da amfani kafin wayar ta cika. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah, kada su wanke waya sai sun tambayi mai ita abin da ke ciki. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa albarka a kasuwa.