Rediyo na mai kuɗi ne ko na mai saurare?

Jama'a, jiya da dare na murɗa rediyo a nan Kaya, tasha uku duk sojojin baka ke zage-zage, don iyayen gidansu sun sayi fili. Manomin Bakalori mai kukan ruwa da taki fa, wa zai saya masa minti goma?

Tun 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, kuma sun yi rana, ban musa ba. Amma ya kamata NBC ta wajabta musu ware wa talakawa awa guda kullum kyauta, a kuma riƙa faɗin wanda ya biya kuɗin kowane shiri.

Gyara nake nufi, ba irin rufe Pride FM na 2022 ba. Ya kuka gani?