Tombola: sai an san inda kuɗi za su

Manoma, kun shirya tombola don gyaran rijiyar gari, amma tikiti ba ya sayuwa? Ba talauci kaɗai ba ne. Mutum ba ya fidda dala 20 sai ya yarda da mai karɓa.

Kada ku fara tsakiyar damana, rumbu babu hatsi. Ku jira kaka, an saida wake. Ran kasuwa ku ɗaure ragon kyauta a fili, kowa ya gani.

Ku da kuka yi karatun manya, ku rubuta lambar kowane tikiti da sunan mai shi. Ku karanta lissafi gaban maigari: tikiti 500, jika 50. Yaro ƙarami ya jawo lamba gaban jama'a.

Wanda bai samu rago ba, zai sha ruwa.