Kafin ka sayi mai caji, duba wayar gidanku

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar matasa ta koma kan abin hawa mai caji. Ka buɗe TikTok ko Facebook, ga mai tallan babur ɗin lantarki, ga mai nuna a-daidaita-sahun da bai san hanyar gidan mai ba. A Maiduguri ma gwamnatin Borno ta zuba motocin haya na lantarki. Duk mun yi na'am. Amma ɗan'uwa, tambaya ɗaya nake so ka amsa kafin ka tura kuɗi: a ina za ka sa cajin?

Za ka ce a gida mana. To, wane gidan? Yawancin gidajenmu an yi musu wayarin ne don ƙwai, fanka, talabijin da firiji ɗaya. Wutar da ke shigo mana bolt 230 ce, soket ɗin bango kuma amfiya 13 aka rubuta masa, wato iyakarsa wajen kilowat 3. Cajar mota ta bango mai kilowat 7 kuwa amfiya 32 take ja. Kamar ka jona dutsen guga bakwai masu wat 1,000 ne, ka bar su kunne har asuba. In motocin biyu ne, amfiya 64 ke nan, ba a kunna ko famfon rijiya ba. Mita mai layi ɗaya da siririyar waya ba za su ɗauki wannan ba.

Babur da keke ba su kai haka ci ba, gaskiya ne. Sai dai gidanmu na Hausa ba na mutum ɗaya ba ne. Yaya ya jona kekensa, kai ka jona babur, ɗan haya ya kawo nasa, duk a kan ekstenshin guda da aka saya a bakin titi. Guga minti ashirin ne an gama, caji kuwa awanni ne, waya na ɗumi a cikin bango ba mai gani. Haka gobarar dare take farawa. Mafi muni, a zaure ake ajiye su, alhali zauren shi ne ƙofar fita ɗaya tilo, kuma batirin litiyom in ya kama, kashe shi aiki ne ja.

Don haka kuɗin gyaran wutar gida yana cikin kuɗin abin hawan, ka lissafa su tare. Nemo mai aikin lantarki mai shaidar hukumar NEMSA, ba yaron unguwa mai filaya ba, ya ƙirga duk abin da gidan ke ja. A ja wa cajin layinsa shi kaɗai tun daga akwatin fis, da waya mai kauri, da makunnin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, da wayar ƙasa mai aiki. In lodin ya fi ƙarfin layi ɗaya, a je wa kamfanin rarraba wuta, KEDCO ga 'yan Kano, Katsina da Jigawa, a nemi mita mai layi uku. In kuɗin bai kai ba, ku yi layi: wannan da magariba, wancan bayan isha'i.

Kar kuma ka ce za ka zagaye mita. Ko a kan naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, cika batirin mota mai yunit 50 naira 11,250 ne. Kwatanta da cika tanki ka gani. Satar wuta kuwa taransifomar unguwa take ƙonawa, mu koma karo-karo da kwana a duhu, har da tsohuwar da ba ta da ko keke.

Ni ina son mu hau masu caji, wallahi. Amma yau in ka koma gida, taɓa soket ɗin da kuke yawan amfani da shi. In ka ji ɗumi ko ka ga ya yi baƙi, da shi za ka fara, babur ya biyo baya.